Katin Medicaid da Shirun Iyaye

A unguwar Bronx ta birnin Niyok, macen da aka san ta iya karatun boko ba ta rasa baƙi. Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, amma tun da matan masallacinmu suka gano ina iya cike fom, na zama akawun da ba a biya. Mutanen zangon Kumasi da na Akara, mutanen Maraɗi da Damagaram, Kanawa ɗai-ɗai, kowace da ambulan a jaka, wani ma ba a farke shi ba. Yawancin takardun na inshorar lafiyar yara ne. A cikinsu na gane cewa ɗan talaka a ƙasar nan yana da haƙƙin magani fiye da yadda iyayensa ke zato, har da na halayya da lafiyar ƙwaƙwalwa. Sai dai ba mai biyo ka da shi gida, sai ka buɗe baki ka nema.

An yi wa Amurka shaidar tsadar asibiti, kuma ba sharri aka yi mata ba. Lissafin yara ne ya bambanta. Medicaid shiri ne da gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗi su biya wa masu ƙaramin ƙarfi magani, tun 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. A 1997, lokacin Bill Clinton, aka ƙara CHIP domin yaran da samun iyayensu ya ɗara ƙa'idar Medicaid amma bai kai su sayi inshorar kamfani ba. Shirye-shiryen biyu suna ɗauke da kusan rabin yaran ƙasar. A jihar Niyok na biyun sunansa Child Health Plus, kuma yana karɓar duk yaron da bai kai shekara 19 ba, ko da ba shi da takardar zama. Abin da kusan ba wanda ya sani a cikinmu shi ne wani sashe da ake kira EPSDT, wanda aka shigar cikin dokar Medicaid a 1967. Ya ce duk mai Medicaid da bai cika shekara 21 ba a riƙa duba shi a kai a kai, kuma maganin da likita ya tabbatar yana buƙata, na jiki ko na ƙwaƙwalwa, jiha ta biya, ko da ba ta biya wa manya irinsa.

A kan ɗan ƙanwata na ga yadda wannan doka ke aiki, da yadda take zama a banza. Yaron ya haura shekara biyu bai ce Mama ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa. Sai ya jera motocin wasansa a layi, in aka goce ɗaya ya kwanta yana buga kai a ƙasa. Likitocin yara a nan suna tantance galahanga a wata 18 da kuma wata 24, ta hanyar tambayoyin da uwa ke amsawa: yana nuna abu da yatsa? Yana kallon idonki? Ƙanwata ta amsa duka yadda aka tarbiyyantar da mu. A wurinmu uwa ba ta lissafa aibun ɗanta a gaban baƙo, ga kunya, ga tsoron baki. Likita ya karɓi abin da aka ba shi ya rubuta lafiya.

A waya kuwa, daga gida, kowa da fatawarsa. Wannan ta ce nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya shekara huɗu. Wancan ya ce harsuna ne suka yi masa yawa. Kakarsa ta ce iska ce, ta aiko da turare da rubutu a hannun wani mai zuwa. Ranar da na yi wa ƙanwata maganar komawa asibiti, ta ce, “Haba Yaya, so kike in je in ce wa bature ɗana ba shi da hankali?”

Na ce, “Ba wanda ya ce ki faɗi haka. Abin da idonki ya gani za ki faɗa, shi ke nan.”

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan da ke ganin yaro na ɗan lokaci, yaron ma yana kuka saboda allura, ba shi da abin dogaro sai bakin uwa. Da ta faɗi gaskiya, aka tura su shirin tallafin farko na yaran da ba su kai shekara uku ba. Uwa da kanta ma tana iya bugawa ta nema, ba sai likita ya tura ba. Gwajin kyauta ne, kuma doka ta ba da kwana 45 daga ranar da aka kai buƙata zuwa ranar da za a zauna a tsara taimakon. Mai koyar da magana ta riƙa zuwa har gida, ta cire takalmi ta zauna a kan kafet, rabin aikinta ma uwar take koya wa. Ko dala ɗaya ba su biya ba. Amma da ya cika uku ƙofar ta rufe, lamarin ya koma hannun hukumar makarantu da sabon gwaji da sababbin takardu. Watannin da kunya ta cinye, daga cikin rabonsa aka cire su. Yau yana makaranta, yana magana a taƙaice, har yanzu yana toshe kunne in jirgin ƙasa ya wuce. Bai warke ba, domin galahanga ba zazzaɓi ba ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a rahotonta na 2025, ɗaya cikin yara 31 masu shekara takwas yana da ita. Ke nan ba gidanmu kaɗai ba ne.

Ba ni da faɗa da tofi ko ruƙiyya, ni ma ina yi wa yaron. Faɗana da wanda zai ce a dakata da asibiti sai an gama.

Bayan kunya sai tsoro, kuma shi ba na raina shi. Mata da yawa sun yi imani cewa da zarar ka ce ɗanka yana da matsalar halayya, hukuma za ta ƙwace shi. Gaskiya ne doka ta wajabta wa likitoci da malaman makaranta su kai rahoto in sun yi zargin ana cutar da yaro. Amma rashin magana, ko rashin zama wuri ɗaya, ko yawan firgita, ba laifin iyaye ba ne a idon doka. Abin da na gani yana jawo hukuma gida shi ne akasin haka: yaro mai larura da ba a gano ba, ana ce masa mai taurin kai, uba ya gaji ya ɗauko bel, malama ta ga shaida a jiki. Ɗaya tsoron na takardun zama ne, kuma yana da tushe. A 2025 labari ya fito cewa gwamnatin tarayya ta ba jami'an shige da fice damar duba bayanan masu Medicaid, jihohi da dama suka kai ƙara kotu. Wadda ta tambaye ni a kan wannan, ba na ce mata ta kwantar da hankali. Ina tura ta wurin lauyoyin da ke taimakon baƙi kyauta, kuma ina tuna mata cewa iyayen da ke nema wa ɗansu kawai ba dole ba ne su bayyana matsayin zamansu.

Matasa kuma nasu daban. Wani dattijo ya same ni ransa a ɓace, ya ce, “Hajiya, wane irin likita ne zai ce in fita ya keɓe da 'yata?” Na ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, kowa haka ake yi masa.” Daga shekara 12 ana tambayar yara game da damuwa, barci da tunanin cutar da kai, kuma an san ba za su faɗa a gaban uba ba. Na fahimci ɓacin ransa, kuma yana da damar neman likita mace. Amma yarinyar da ke zama Bahaushiya a gida, Ba'amurkiya a makaranta, ana yi mata dariyar hijabi a can ana yi mata faɗan Turanci a nan, tana buƙatar wani babba da za ta faɗa wa. Tun Yulin 2022 akwai lambar 988 da ake kira ko a tura saƙo dare da rana in abu ya yi tsanani. Ina rubuta ta a bayan duk ambulan da na mayar.

Masu jego ne suka fi ba ni tausayi. A gida mace tana da uwa da gwaggo da ruwan zafi da kunun kanwa har ta yi arba'in. A nan tana hawa na biyar ita kaɗai, miji yana tuƙin tasi har asuba. In an kai jariri awo, likitansa kan tambayi uwar yadda take ji, kuma a Niyok Medicaid na ci gaba da ɗaukar mai jego har wata 12 bayan haihuwa. Nan ma amsar da muka saba bayarwa ce ke rufe ƙofar.

Sai kuma ambulan. Lokacin korona an hana jihohi cire mutane daga Medicaid. Daga Afrilun 2023 aka dawo da tantancewa, aka cire sama da mutum miliyan 25 a faɗin ƙasar, kuma mafi yawansu saboda takarda ne: wasiƙa ta je tsohon gida, ko ta zo ba a mayar da amsa ba. Mutanenmu masu yawan sauya ɗaki da haɗa akwatin wasiƙa da wasu, irinsu ne abin ya fi kamawa. Na san uwar da ba ta sani ba sai a kantin magani, aka ce katin ɗanta ya mutu. Daga Janairun 2024 doka ta ce yaron da aka karɓa ya yi wata 12 cur ba a taɓa shi ba, amma sabuntawa tana nan. In an hana wani magani ko an rage sa'o'in taimako, akwai damar ɗaukaka ƙara, kuma wanda ya yi hakan kafin ranar da aka sa a wasiƙar yana iya neman a ci gaba da taimakon har a yanke hukunci. Tafinta ma haƙƙi ne, kyauta. Bai kamata a sa yaro ɗan shekara goma ya fassara wa uwarsa bayanin ciwon ƙaninsa ba.

Duk da haka, kati a hannu ba ya nufin ga likita. Masu duba ƙwaƙwalwar yara kaɗan ne, da yawansu kuma ba sa karɓar Medicaid saboda kuɗin da yake biya bai kai na inshorar kamfani ba. Jiran watanni abu ne da aka saba. Shi ya sa nake cewa a sa suna a wuri fiye da ɗaya, a nemi gwajin makaranta a rubuce da kwanan wata, a ajiye kwafi. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da za ta rage ɗaruruwan biliyoyin daloli daga Medicaid cikin shekara goma. Ba ta soke EPSDT ba. Amma jihar da aljihunta ya matse, kuɗin da take biyan likitoci ta saba fara taɓawa, kuma wannan kuɗin ne ke yanke tsawon layin da 'ya'yanmu ke ciki.