Wuta A Jirgi, Wuta A Gida

Duk wanda ya taɓa kwana a Kano ko Maraɗi cikin hunturu, in ya ji an ce ana sanyi a Yawunde, dariya zai yi. To, amma sanyi iri-iri ne. Na arewa busasshe ne, ya fasa leɓe, ya sa kaushi, rana na fitowa ya gudu. Namu na nan kuwa mai danshi ne. Garin yana bisa tuddai, kimanin mita 750 sama da teku, kuma a watannin Yuli da Agusta sai a yi kwana da kwanaki gajimare ya rufe sama, ba ruwan kirki, ba ranar kirki. Tabarma ta yi laima, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Yaro ba ruwansa, amma tsoho yana jin wannan sanyi har cikin ɓargo.

Ban san haka sosai ba sai a shekarar 2021, lokacin da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, na je Lagdo na ɗauko Inna. Muka biyo mota zuwa Ngaundere, muka kwana a jirgin ƙasa, gari ya waye mana a Yawunde. Ita dai duk rayuwarta a kwarin Binuwai ta yi ta, inda ma'aunin zafi kan wuce 40 a watannin Maris da Afrilu. Na ba ta ɗakin da ya fi kowane kyau a gidanmu na Nkomkana, nan maƙwabtan Birketeri. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, domin ba halinta ba ne. Sai dai na lura tana jinkirin tashi daga sujada, in kuma ta taɓa ruwan alwala da asuba sai ta ɗan janye hannu.

Ran nan cikin Agustan 2022, bayan an gama tuwon dare, ashe Inna ta kwashi ragowar garwashi a kasko ta shiga da shi ɗaki. Ta rufe ƙofa, ta toshe taga da tsumma saboda iska, ta kwanta tare da ƙaramar 'yata, wadda ba ta yarda ta kwana ko'ina sai bayan kakarta. Can wajen ƙarfe biyu na dare maiɗakina ta ji yarinyar tana amai. Muka buga ƙofa, shiru. Da na sa kafaɗa na ɓalle ta, sai na tarar da yarinya tana kuka tana riƙe da kai, Inna kuwa a kwance, ana ɗaga hannunta yana faɗuwa. Muka fito da su tsakar gida, maƙwabci ya tayar da motarsa, sai asibiti. Aka sa musu iskar numfashi. Allah ya yi da sauran kwana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ne nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane wannan abu. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta isa, yakan fitar da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu, jini yakan kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita, ninki fiye da 200. Mutum ya ji ciwon kai, jiri da kasala, ya ɗauka barci ne, daga nan sai a wayi gari. Hayaƙi ma da ake gani ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2. Duk na san wannan, na rubuta shi a jarrabawa, amma ban taɓa leƙa ɗakin uwata da dare na ga yadda take fama ba.

Da ta warware, na durƙusa gabanta na ce, "Inna, don Allah kada a sake shiga da wuta ɗaki." Ta dube ni ta ce, "To, Malam, na ji. Amma sanyin fa, wa zai hana shi shiga?" Ban sami amsa ba. Na san hani kaɗai ba zai yi ba, domin wanda sanyi ya dama, ko ba jima ko ba daɗe zai koma wa kasko. Iskar gas kuwa, tukunya mai kilo 12.5 da farashin hukuma ya kasance sefa 6,500 a lokacin, ta girki ce da ƙyar take kai mu wata, balle a ce a ƙona ta don ɗumi.

Ina cikin wannan tunani sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Shi Basarke ne, masunci ɗan masunci, yana cikin waɗanda suka sauka Lagdo bayan an gama madatsar ruwa a 1982. Ina yaro nakan bi shi kwanan ruwa. Mai karatu, ka yi tunani: jirgin katako, an liƙe tsagoginsa, ga taru, ga tabarma, ga kuma wuta tana ci a tsakiyarsa, ana dafa shayi, ana gasa kifi, ana jin ɗumi cikin hunturu. Shekara da shekaru bai taɓa yin gobara ba. Yakan sami gindin tsohuwar ganga ya cika da yashi, ya ɗora bisa duwatsu yadda iska za ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi, sa'an nan ya kafa murhun yumɓu a kan yashin, ya tokare shi yadda ko igiyar ruwa ta girgiza jirgi tukunya ba za ta kife ba. Ko ana ruwa ba ya rufe rumfar ta kowane gefe. Kuma ba ya barci sai ya ga wutar ta mutu. Yakan ce wuta baƙuwa ce a jirgi: a yi mata shimfiɗa, a bar mata ƙofa, kada kuma a bar ta ita kaɗai.

Sai na dubi gidajenmu na wannan unguwa. Ɗaki a jikin ɗaki, bangon katako, rufin kwano, lungu wanda mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Ashe mu ma a jirgi muke, ruwa ne kawai babu.

Wani abokin aikina mai koyar da labarin ƙasa, da na ba shi labari, sai ya nuna mini hotunan wasu jirage na ƙasar Ingila. Dogaye ne, faɗinsu bai fi mita 2 da 'yan kai ba, suna bin hanyoyin ruwa da aka haƙa tun zamanin da ake dakon kwal, yau kuma mutane sun mai da su gidajen zama. A cikinsu akan girka murhun ƙarfe mai cin itace ko kwal. A kansa ake girki, a bayansa kuma akwai wata ma'ajiyar ruwa da wuta ke lasa, bututu ya ɗauki ruwan zafin ya zaga da shi jirgi, ya ɗumama wurin kwana. Wasu ko inji ba sa sawa, domin ruwa in ya yi zafi yakan yi sauƙi ya hau sama da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Na ce ai wannan gadon ƙasa ne irin na kakanninmu, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego ko tsoho. Bambancin kawai, su sun bar wuta da hayaƙinta a wuri guda, sun aika da ɗumin kaɗai.

Madafarmu bango ɗaya ne tsakaninta da ɗakin Inna, kuma bangon na bulo ne. Na zana abin da nake so a takarda, da ma'auni da kibiyoyi, na kai wa wani dattijo mai walda a Birketeri, wanda ya daɗe yana ƙera wa masu tsire da 'yan shayi murahu. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, zane ya yi kyau. Bari mu ga ko ruwa ya iya karatu."

Muka fara da shimfiɗa, kamar yadda Baba yake yi. Aka zuba yashi, aka jera jan bulo, aka gina murhu mai baki biyu da yumɓu, da ƙofar ƙarfe da ramin toka. Na ji daɗin aiki da jan bulo, domin sunan Birketeri kansa daga masana'antar bulo ya samo asali, tun zamanin Jamus. Ta gefen da bangon madafa yake na katako, muka bar tazara, muka kafa fallen kwano a tsakani wanda bai taɓa katakon ba, don iska ta riƙa bi ta bayansa. Dattijon ya lanƙwasa bututun baƙin ƙarfe ya ratsa da shi cikin murhu. Ya ƙi yarda da farin bututun famfo, ya ce in wuta ta ci shi yana fid da hayaƙi mai sa zazzaɓi. Bakin bututun biyu suka huda bango suka shiga ɗakin Inna, inda muka gina dakali muka ɗora rabin ganga mai cin lita 100. Dakalin sai da muka yi shi da ƙarfi, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bututu ɗaya ya shiga ganga ta sama, ɗaya ya fita ta gindi.

Ranar gwaji yara suka taru, har da na maƙwabta. Aka hura wuta. Da farko hayaƙi ya ƙi bin hanyarsa, ya dawo ya cika madafa, maiɗakina ta fito tana hawaye tana cewa da ma an bar ta da murhunta na duwatsu uku. Ba a jima ba sai bututu ya shiga bugawa, kau, kau, kamar ana dukansa da guduma, ganga tana rawa, amma ruwan cikinta sanyi ƙalau. Yara suka watse. Na kashe wuta jikina a sanyaye.

Washegari dattijon ya zo, bai ce komai ba, ya bi bututun da tafin hannu har ya tsaya a wani wuri. Ashe da na ga bututun zai tare inda ake rataye tukwane, na sa yaronsa ya ɗan sunkuyar da shi, abin da bai fi faɗin yatsa uku ba. A nan iska ta maƙale, ruwa ya kasa wucewa, na cikin murhu ya tafasa yana neman hanya. Ya ce, "Malam, ruwan zafi kamar hayaƙi yake, hawa ya sani. In ka ce ya sauka ko taki ɗaya, sai ya yi maka gardama." Aka gyara, bututu ya tashi daga murhu yana hawa har ganga ba tare da ya sunkuya ba. Bututun hayaƙi kuma aka ƙara masa tsawo har ya zarce tsororuwar rufi, aka yi masa hula saboda ruwan sama.

Na so in sa makunni a bututun don in riƙa tsayar da ruwan in an ga dama, in kuma liƙe murfin ganga kada tururi ya ƙara wa ɗaki danshi. Nan ma ya hana ni, kuma da na koma ga littafi na ga shi ke da gaskiya. Ruwa in ya zama tururi yakan nemi wuri fiye da ninki 1,600 na inda yake a da. In aka toshe shi a kan wuta, an haɗa bam ke nan a cikin gida. Saboda haka muka fitar da wani ɗan bututu daga murfin ganga zuwa waje, bakinsa a buɗe har abada. Muka kewaye gangar da shingen katako saboda hannun yara. Ni mai takardar shaidar malanta, sai ga ni ɗalibi a gaban wanda bai taɓa zama a aji ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Yanzu ga yadda muke. Ana ɗora tuwon dare, kafin a sauke ganga ta yi zafi. Bayan isha'i a kashe wuta, a kwashe toka, amma ruwan yana riƙe da zafinsa yana sakinsa a hankali, ɗaki ya yi ɗumi, laima ta ragu. Da asuba Inna ta buɗe ɗan famfon da ke jikin ganga ta sami ruwa mai ɗumi na alwala. Guntayen katako muke saye wurin kafintoci, mu shanya su su bushe, ba ma sa mai fenti ko mai gam. Dokoki uku na rubuta na manna a ƙofar madafa: kada a hura wuta sai an duba ganga a cike take, musamman ranar da famfo ya ɗauke, kada a toshe tagar sama, kowane wata a kakkaɓe kunkunniyar bututun hayaƙi, domin in ta taru ita ma kamawa take yi. Aikin ya ci mini kusan rabin albashin wata, amma daren asibiti ɗaya ya fi shi tsada.

Ban rubuta wannan don kowa ya je ya huda bangonsa ba. Mai haya ba zai iya ba, kuma wanda zai yi lalle ya nemi wanda ya san aikin. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Gidaje nawa ne a Nkomkana da Birketeri da Tsinga da ke da tsohuwa ko mai jego ko ɗan makarantar allo da ke shiga da kasko ɗaki a watan Agusta? Mu leƙa su. Wanda ba shi da halin murhu, ya dafa ruwa ya ɗura a jarka mai murfi, ya naɗe da zane ya ajiye wa tsohonsa a gefen ƙafa, ya ƙara masa bargo. In aka tarar da mutum ya galabaita kusa da gawayi, a fitar da shi sarari nan take, a kai shi asibiti, kada a tsaya ana cewa iskokai ne. Ina kuma roƙon limamanmu su tuna wa jama'a cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi horo da a kashe wuta kafin a kwanta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kwanan baya na shiga gaishe da Inna da safe, na tarar ta jingina bayanta da shingen ganga tana jan carbi, jikarta na barci a cinyarta. Ta ce, "Malam, da mahaifinka ya ga wannan, da ya ce ka yi wa baƙuwa shimfiɗa." Allah ya jiƙansa, ya kare mu daga sharrin wuta, ta duniya da ta lahira. Wassalam.