Tsohuwar Kwamfuta Ta Zama Rumbu

Kowane manomi ya san amfanin rumbu. Amma mutane kaɗan ne suke tunanin cewa takarda ma tana bukatar rumbunta. A Bibemi, garin manoman auduga a gabas da Garwa a arewacin Kamaru, takarda tana da abokan gāba uku: gara, ruwan damina, da mantuwa. Yanzu an sami na huɗu, wato wayar hannu, gama ranar da ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya ɗauke ta, duk abin da ke cikinta ya tafi.

Wani tsohon malamin makaranta a garin ya daɗe yana riƙe wa jama'a takardu: lissafin ƙungiyar manoman da ke sayar da auduga ga SODECOTON, da sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da hotunan takardun haihuwa na jikokinsa. Wata shekara wayarsa ta mutu ana gab da rabon kuɗin auduga, har gardama ta tashi tsakanin maƙwabta a kan bashin taki. Sai ɗan ƙanwarsa, wanda yake gyaran na'urori a Garwa, ya zo masa da tsofaffin kwamfutoci biyu waɗanda wani ofishi ya yar.

Ba lalacewa suka yi ba. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, kwamfutoci da yawa kuwa ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Saurayin ya goge abin da ke cikinsu, ya sa musu Debian, wani tsari na Linux wanda ake bayarwa kyauta tun 1993. Linux ɗin kansa wani ɗalibi ne, Linus Torvalds, ya fara shi a ƙasar Finlan a 1991. Ba ya bukatar sabuwar na'ura.

Ya zaɓi ƙaramar ta ɗorawa a cinya ta zama uwar garke, wato wadda sauran na'urori za su riƙa zuwa wurinta ajiya da ɗiba. Dalilinsa shi ne tana da batir. Wutar arewacin Kamaru yawancinta daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai, sa'ad da ruwa ya ja baya da rani kuwa, wutar takan ragu. Kwamfutar da wuta ta yanke mata tana cikin rubutu, abin da take rubutawa yana iya ɓaci. Ya ɗora ta a kan katako a ɗaki mai inuwa, gama zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu suna kashe na'ura.

Ajiyar takardu ba ta ba su wahala ba. Da wata manhaja mai suna Samba, kowace waya ko kwamfuta da ke gidan tana ganin jakunkunan da ke cikin uwar garken, ba tare da an sayi intanet ba. An ba kowa kalmar sirrinsa. Ma'ajin manoma ba ya ganin littafin ikilisiya, jikoki kuma ba sa taɓa lissafin taki.

Imel ne ya zo da gardama. Wasiƙa tsakanin mutanen gida tana tafiya lafiya ta Postfix. Amma kamfanonin waya sukan raba adireshi ɗaya ga mutane da yawa, saboda haka wasiƙar waje ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Manyan masu imel irin su Gmail kuma ba sa amincewa da wasiƙar da ta fito daga layin gida, domin 'yan damfara sun ɓata hanyar. Sai saurayin ya bi dabarar dā: kwamfutar ta riƙe wasiƙu, in layi ya samu ta miƙa su ga akwatin imel na waje, ta kwaso waɗanda suka iso. Haka cibiyar bincike ta Faransa, ORSTOM, take aika imel tsakanin Dakar, Yamai da Yawunde a farkon shekarun 1990. Abin da ya tsufa ba lalle ne ya zama marar amfani ba.

Malamin ya tambaya mene ne aikin kwamfuta ta biyu. Saurayin ya ce, “Kawu, abin da ke wuri ɗaya kaɗai, ba a ajiye shi ba tukuna.” Faifan ajiya yana tsufa, ba ya kuwa yin sallama kafin ya mutu. Don haka kowace Asabar ana kwafe kome a cikin ta biyun, wadda take gidan 'yar malamin a wata unguwa, domin gobara ko ruwa kada su cinye duka biyu a dare ɗaya. Kalmomin sirri da yadda ake ta da na'urar an rubuta su a littafi, 'yar tasa ta koyi aikin.

Mai karatu yana iya cewa, me ya hana a zuba kome a intanet? A tuna cewa a 2017, daga Janairu zuwa Afrilu, an yanke intanet a yankunan Kamaru biyu masu jin Turanci. Wanda ajiyarsa take hannun wani, sai ran da aka buɗe masa ƙofa zai gan ta. Ajiyar intanet tana da kyau, amma ta zama ƙari.

Na'urar ba ta san amana ba. Ba za ta share wa kanta ƙura ba, ba za ta tuna da Asabar ba. Wanda ya karɓi takardun maƙwabtansa ya ɗauki haƙƙinsu, ko a akwatin ƙarfe ya sa su ko a kwamfuta. In akwai tsohuwar na'ura a ɗakinka, ɗan'uwa, kada ka yi saurin kai ta bola. Amma kafin ka kunna ta, ka fara neman wanda zai riƙe aikin in ba ka nan.