Gatarin Farko da Ya Dace da Hannun Saurayi

Wasu gatura sun cika rumfunan ƴan tireda a Matameye, har sun fara gangarowa ƙananan kasuwanninmu na nan Icirnawa. Ruwansu ja ne wur da fenti, ƙotarsu sumul, wata ta roba ce, wata kuma bututun ƙarfe. Masu sayensu su ne samarin da za su fara kafa bukka a gona mai nisa da damina, ko bin dabbobi daji su kwana can. Yaro ya tara ƴan jikunansa, ya zo ya ɗaga wanda ya fi nauyi da ƙyalli, ya ce ya yi sayayya. Ni kuwa abin da nake gani shi ne gatarin farko ya zama ƙarami, marar nauyi, ƙirar maƙerin da ka san ƙofar gidansa. Dalilin kuɗi yana nan, amma akwai wani da ya fi shi girma, wanda ƙasar nan ta koya wa mutanenta da yunwa.

Bari mu fara da kuɗin, tunda shi ne ke bakin kowa. Arahar gatari ba a rumfa ake gane ta ba, sai ranar da ya lalace. Duk gatarin da ke aiki zai dakushe, zai yi giɓi idan ya haɗu da tsakuwa, ƙotarsa kuma wata rana sai ta tsage. Tambayar da ta kamata mai saye ya yi ita ce wa zai gyara shi, kuma nawa. Gatarin maƙeri abu biyu ne kawai, ruwa da ƙota. Ruwan yana da wutsiya mai tsini, maƙeri ya sa ta a wuta har ta yi ja, ya danna ta a kan ƙota mai kauri, hayaƙi ya tashi, ƙamshin ƙonannen icce ya cika maƙera, ya zare ya sake dannawa har ta zauna daram. Babu ƙusa, babu walda. Idan ƙota ta karye a daji, reshen aduwa mai kyau da wutar kwana sun isa a yi wata. Idan bakin ya cinye, a kai koɗa, kuɗin bai kai na kwanon hatsi ba. To wanda aka liƙa wa roba fa? Ranar da ta ɓalle, sai dai a jefa ruwan bayan ɗaki, a koma rumfa da sabon kuɗi.

Wasu samarin hujjarsu ita ce abin da suke kallo a waya, Turawan Amurka suna yada zango a daji da ɗan gatarin nan tomahawk. Da sun binciki tarihinsa da ya kore musu hujjar. Mutanen asali na Amurka ta Arewa da dutse suka fara yin kansa, sai a ƙarni na 17 da na 18 fataken Faransa da Ingila suka riƙa kai musu na ƙarfe suna musaya da fatu. Abin da ya sa ya karɓu shi ne ba shi da nauyi a tafiya, kuma ƙotarsa zura ta ake yi, mai shi yana iya sassaƙa wata a duk inda dare ya yi masa. Rashin nauyi da sauƙin sauya ƙota kuwa su ne siffar gatarin da kakanninmu ke ratayawa a kafaɗa.

Za a ce ai maƙeran ma ba duka ne na ƙwarai ba, kuma gaskiya ne. Tun da aka daina narka tama aka koma ga tsofaffin ƙarafa, ingancin gatari ya rataya ga abin da maƙeri ya tsinto. Na kirki da sifirin ɗin babbar mota yake ƙira, ya tsoma bakin a ruwa ko baƙin mai daidai gwargwado. Mai gaggawa kuwa kowane ƙarfe ya samu zai buga, ya shafe shi da baƙi, ya kai kasuwa. A nan dole in ce araha ba ta ado, ko da yake yanzu na gama yabon mai sauƙin kuɗi. Kada yaro ya ɗauki mafi arha a tabarma. Ya ƙwanƙwasa ruwan da wani ƙarfe, mai kyau yana amo mai tsawo, mai tsaga a ciki kuwa muryarsa a dushe take. Ya goga magagari a bakin, idan yana cinsa da sauƙi ƙarfen ya yi taushi, zai lanƙwashe a icce mai tauri irin ƙirya. Ya dubi ƙota ko akwai tsaga kusa da ramin, don ruwan da ya fice ana tsakiyar sara ƙafa yake nema ko kan na kusa. Bambancin shi ne maƙeri yana nan, gobe za ka gan shi a masallaci, ɗansa zai gaji sunansa. Wanda ya ƙera jan gatari bai san akwai wani gari Icirnawa ba.

Dalili na biyu shi ne ya fi damuna. Kayan aiki yana koya wa hannu ɗabi'a. Saurayin da ya fara da ƙaton gatari, idonsa kan gindin icce zai riƙa sauka, domin abin da gatarin ya iya ke nan. Waɗanda suka kai shekaruna sun san inda wannan ya kai mu. A zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke sayen amfanin gona, masana'antar man gyaɗa ta Matameye kuma tana aiki, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, ba kalgo, ba sabara, ba ko kututture. Haka malaman gona suka koyar, haka aka yi alfahari da shi. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, sai na 1984 da aka yi wa laƙabi da El-Buhari. Iska ta samu fili babu abin tare ta, ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya shuka sau biyu, sau uku a damina ɗaya. Mata suka riƙa wuni a neman iccen girki, wasu suka koma ga kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki.

Gawon da yaran yanzu suka buɗe ido suka gani a gonakin Matameye da Magarya da Mirya, suna zaton tun fil'azal haka yake, yawancinsa bayan wannan wahala aka raine shi. Ba dasa shi aka yi ba. Tohon da ke fitowa daga kututture ko daga ƙasa aka daina sarewa, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a aske sauran. A wajen Maraɗi wani mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa wannan dabara a 1983, ita ce ake ce wa sassaben zamani, kuma masana sun ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Wannan aiki kuwa na ƙaramin gatari ne mai kaifi. Ana saran reshe daga ƙasa zuwa sama, a karkace, don kada ɓawo ya yage ruɓa ta shiga. Gwada yin haka da ƙaton gatari hannu ɗaya ka gani, ko dai ka yage iccen ko ka sari gwiwarka. Tsofaffi suna ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, cewa ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Yau dokar gandun daji ta 2004 tana nan, ga kuma dokar da gwamnati ta fitar a watan Yulin 2020 wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya raina a gonarsa. Amma ma'aikacin gandun daji ba ya kwana a bukkar kowa, abin da ke hannun yaro da asuba shi ke yanke hukunci.

Saura masu cewa ƙaramin gatari ba ya faskare. Ba ya yi, ban musa ba, kuma gidan da ke da busasshen gungume yana buƙatar babba. Sai dai wannan kayan gida ne, ɗaya ya isa a yi aronsa tsakanin maƙwabta, ba shi ne na ratayawa a tafi daji ba. Me mai kwana a daji ke yi? Ya fere turke, ya yanko ƙaya ya yi wa awaki shinge, ya saro ƴan sanduna na bukka, ya kakkarya busassun rassa na wutar shayi, ya kakkaɓo wa dabbobi ganye da rani. Duk wannan aikin hannu ɗaya ne, kuma ƙanwarsa ma za ta iya ɗaukar gatarin ta je icce. Wanda zai saya ya je wurin maƙeri tun cikin rani, ya riƙe ƙotoci biyu ko uku ya ji wadda ta zauna masa a tafin hannu, don da bazara ta kama maƙera ta cika da masu gyaran hauya da fartanya, ba wanda zai samu lokacin zaɓar masa ƙarfe.