Daren da na kasa samun jijiya

Watan Satumba ne, tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro, wanda muka fi kira palu. Wata biyu ke nan da aka turo ni wani gidan likita na karkara a jihar Maradi, bayan karatun shekara 3. A daren ni ke da gardi. Wajen ƙarfe ɗaya wata mata ta shigo da ɗanta a goye, kakarsa na biye. Bai kai shekara biyu ba, jiki zafi rau, tafin hannu fari fat don ƙarancin jini. Gwaji ya nuna palu, kuma mai tsanani, sai an yi masa allurar artesunate ta jijiya. Na soka sau ɗaya ban samu ba. Na biyu ma haka. A na uku hannuna ya fara rawa, sai kakar ta ɗaga murya: “Wai babu babba a gidan nan? Wannan ai koyo take da jikana.”

Na aika aka tado majo. Nan take ya samu jijiya a ƙafa, sannan ya juyo gaban kowa ya ce, “Ke, me aka koya muku a lakwal? In kin kasa sau biyu ki kira, ko ki yi ta tsoka. Ciwo ba ya jiran girman kanki.” Yaron ya kwana da rai, da safe aka wuce da shi babban asibiti don ƙarin jini. Ni kuwa ɗakin ajiyar magani na shige na yi kuka har na gode wa Allah.

Makonnin da suka biyo baya sun fi daren wuya. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga. In na ji ƙarar babur da dare sai gabana ya faɗi. Kowane awon magani sai na lissafa sau uku. Tun daga firamare ni ke zuwa ta ɗaya a aji, ba a taɓa yi mini tsawa cikin mutane ba, ban kuma taɓa koyon cewa “ban iya ba”. A gida kuma, da na sauka mota sai “ga likita ta zo”, maƙwabta na kawo takardun maganinsu in duba. Wa zan faɗa wa ina tsoron allura?

Baba ne ya lura na rame. Tsohon mushe ne, ya yi ritaya. Bayan isha ya kira ni tabarmarsa ya ce, “Uwata, me ke cin ki?” Da na gama bai ba ni haƙuri ba, bai kuma zagi majo ba. Ya ce a shekararsa ta farko mai duba makarantu ya tsinka shi gaban ƴan ajinsa, har yau yana tuna kalar rigar mutumin. Sai ya miƙo mini biro ya ce in rubuta abin da majo ya faɗa, in bar muryar a waje.

Abu uku suka rage a takardar. Biyu gaskiya ne, suna ma cikin darasinmu. Na ukun, girman kai, na yi gardama a kansa, na ce tsoro ne. Baba ya ce tsoron a gane ban iya ba, to mene ne sunansa?

Har yanzu ban yarda tsawar nan daidai ce ba. Kakar ta tafi da cewa ƴan matan likita ba su san komai ba, kuma haka za ta faɗa a ƙauyensu. Amma na san majo ya daɗe yana ɗauke da gidan nan kusan shi kaɗai, da fitilar hannu in wuta ta ɗauke.

Da na koma, na same shi na ce, “Majo, ina so ka koya mini jijiyar jarirai.” Ya dube ni ta saman tabarau bai ce uffan ba. Kwana biyu bayan nan aka kawo wata jaririya da gudawa ta tsotse. Ya ƙwala mini kira, ya ce, “Riƙe fitila. Duba inda nake ɗora babban yatsa.”