Burodin Kwantai A Tire Ɗaya

Kafin in shiga labari, ina roƙon mai karatu ya yi mini afuwa idan ya ga Hausata ta yi tuntuɓe a wani wuri. Ni Bayarabiya ce, haifaffiyar Ibadan, a aji na koyi Hausa, ba a nono na sha ta ba. Shekarata ta uku ke nan ina karanta ta a jami'a, amma har gobe idan na ce "akwai ƙwai?" sai mai shayin bakin ƙofar makarantarmu ya yi dariya ya ce in maimaita.

Mahaifiyata ba ta so in karanta Hausa ba, kuma tana da dalilinta. 'Yar kasuwa ce, ta daɗe tana sayar da tumatir da attarugu a kasuwar Shasha, tana saro kaya a hannun Hausawa, har ta iya Hausar ciniki daidai gwargwado. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar tsakanin Yarabawa da Hausawa, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje. Rumfar Mama na cikin waɗanda wuta ta cinye. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi a gabana ba, sai dai tun daga ranar ban ƙara jin kalmar Hausa ko ɗaya daga bakinta ba. Da na sami gurbin karatu na gaya mata fannin da aka ba ni, shiru ta yi, can ta ce, "Duk harsunan duniya?"

To, a zangon karatun da ya wuce sai ta aiko cewa za ta zo biki Legas, kuma za ta biyo ta ɗakina ranar Asabar da hantsi. Nan take na ƙudura a raina cewa lallai ta haɗu da ƙawata, wadda ita ce ta riƙe hannuna a karatun nan tun ina ce wa namiji "ke". Bahaushiya ce haifaffiyar Agege, iyayenta Katsinawa. Abin da ya dame ni shi ne abincin da zan ajiye musu. In na tuƙa amala, ƙawata ta zama baƙuwa. In na yi tuwo da miyar kuka, Mama za ta ga kamar da gangan na yi, wato in nuna mata ɓangaren da na koma. Ina neman abincin da ba na kowa ba ne a cikinmu, kuma wanda aljihun ɗaliba zai iya ɗauka.

A nan ne na tuna da soyayyen burodin nan da ake tsomawa cikin ƙwai da madara, wanda masu jin Ingilishi ke jingina wa Faransa. Su kuwa Faransawa "pain perdu" suke kiransa, wato burodin da aka yi asararsa, domin da wanda ya kwana ya bushe ake yin sa don kada a zubar. Abin ma ya girmi Faransa, don a wani tsohon littafin girki na Rumawa da ake dangantawa da Apicius akwai bayanin burodin da ake jiƙawa da madara, a soya, a zuba masa zuma. Mutanen Sifen na cin irinsa a lokacin azumin Kirista kafin Ista. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Turawa ke jera shi a kan faffaɗan katako, a kewaye shi da 'ya'yan itatuwa da kayan zaƙi, kowa ya miƙa hannu ya haɗa nasa. Suna cin sa a tsakanin karin kumallo da abincin rana, lokacin da wani marubucin Ingila, Guy Beringer, ya yi wa kirari a rubuce a 1895. Ni dai da na duba sai na ga Hausa ta riga ta tanadi sunansa: abincin hantsi.

Ranar Alhamis na yi gwaji, na kuwa sha kunya. Sabon burodin Agege na sayo, mai laushi kamar auduga, na yanka shi siriri, na bar shi ya jiƙa sosai. Da ya shiga kasko sai ya dagargaje, waje ya ƙone, ciki ya zama kunu. Ƙwai uku suka tafi a banza.

Da yamma na kai kukana wurin mai shayi. Dattijo ne, shekarunsa a Legas sun fi nawa a duniya. Ya saurare ni yana fifita shayi tsakanin kofi biyu, sannan ya ce, "'Yata, ai sabon burodi ba ya shan ruwa ya tsaya da ƙafarsa. Kwantai za ki nema." Na ce, "Baba, mene ne kwantai?" Ya jawo burodi biyu daga ƙarƙashin tebur, na shekaranjiya waɗanda ba a saya ba, ya ce, "Ga su nan." Na rubuta kalmar a tafin hannuna. A ganina ta fi ta Faransawa dacewa, don shi kwantai bai ɓata ba, mai saye kawai yake jira. Da ƙyar ya karɓi rabin kuɗi, ya ƙara mini da gargaɗi cewa in rage wuta, wai gaggawa ce ke ƙona ƙwai.

Ranar Asabar tun da sassafe na tashi. Na yanka burodin da kauri, kamar faɗin yatsu biyu. Na fasa ƙwai shida a cikin madarar gwangwani ɗaya da na sirka da ruwa, na sa sukari cokali biyu, da garin kirfa, da ɗan gishiri. Kowane yanki na tsoma shi gaba da baya, ina ƙirga goma a kowane gefe, sannan in sa a kasko da ɗan man shanu a kan wuta marar ƙarfi har ya yi ja. Wannan karon ko ɗaya bai karye ba.

Ba ni da katako irin na Turawa, sai na aro babban tiren silba a wurin maƙwabciya. Na jera burodin a tsakiya. Su can ruwan zaƙin wata bishiya suke zubawa, wanda mafi yawansa daga Kanada yake fitowa, ni kuwa zuma na sa a ƙaramin kwano. Na yanka ayaba da abarba da gwanda, na kankare kwakwa, na daka soyayyar gyaɗa sama-sama. Ƙawata ta iso da dabino da kindirmo da kilishi a ƙunshe cikin takarda. Na ce kilishi ba ya cikin tsarin. Ta ce tsarin wa? Ta tura ayabata gefe ta yi masa wuri.

Mama ta iso wajen ƙarfe 11. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda muke yi a gida, sai na ga ƙawata ma ta durƙusa har ƙasa, ta ce da Yarabanci, "Sannu da zuwa, Mama." Yarabancinta na Agege ya fi Hausata nesa ba kusa ba. Mama ta dube ta, ta dube ni, ta amsa a taƙaice. Muka zauna a tabarma, tire a tsakiya.

Na ba kowa ƙaramin faranti, amma ba wanda ya taɓa nasa. Mama ta ɗauki yanki ɗaya ta ɗanɗana, ta ce wannan abincin yara ne, zaƙi ya yi yawa, ina barkono? Gabana ya faɗi. Ƙawata ba ta ce komai ba, ta yago kilishi ta ɗora a kan wani yankin, ta miƙa mata da hannu biyu. Mama ta ɗan jima tana kallon hannun kafin ta karɓa. Ta ci. Ta sake yagowa da kanta. Ni da na kwana ina lissafin zuma da kwakwa, ga shi abin da na so in hana shi ne ya yi kasuwa.

Hira ta fara tafiya da Yarabanci, a kan tsadar mota da tsadar tumatir. Ƙawata ta ce kawunta ma yana kawo kwandunan tumatir kasuwar Mile 12. Mama ta tambayi nawa kwando yake yanzu, aka gaya mata. Sai kawai na ji ta ce, da Hausa, da irin muryar da take ciniki da ita tun ina ƙarama, "Kai! Ya yi tsada. A rage mana." Ƙawata ta fashe da dariya har ta ƙware. Mama ta gimtse fuska kamar ba ita ta faɗa ba, ta ce in miƙo mata ruwa.

Ba ta ƙara wata kalmar Hausa ba har ta tashi, ba ta kuma ce komai game da karatuna ba. Sauran dabinon dai ta ƙulle a bakin zane ta tafi da shi. Bayan mako biyu ta kira ni a waya, wai ƙanena ya matsa mata sai ta yi masa burodin nan, ƙwai nawa ake sawa? Na ce shida, kuma ta nemi burodin da ya kwana. Ta ce to, kilishin fa, a Sabo za ta samu mai kyau, ko sai yarinyar nan ta aiko mata daga Agege?