Tsakanin Makka Da Madina: Mota Za Ki Hau Ko Jirgin Ƙasa?

Yau zancenmu na wadda Allah ya nufa da zuwa Umara ne, ko wadda ke ta zubin adashi da wannan niyya. An biya kuɗin kujera, biza ta fito, an ɗinka hijabai, an yi sallama da dangi. Amma akwai wata tambaya da sau da yawa ba a yin ta sai an sauka Saudiyya, gajiya ta riga ta kama kowa: da me za mu tafi Madina?

Idan daga Kademi kika taso, farkon tafiyar ba shi da zaɓi. Mota ce za ta ɗauke ki, ki ratsa Wudil, ki haye gada, ki sha cunkoson shiga Kano har filin jirgin Malam Aminu Kano. Mu nan ƙasar Gaya da Ajingi mota muka sani, ita ke kai mu asibiti, ita ke kai mu biki. Jirgin ƙasa kuwa ya iso Kano tun 1911, amma yawancinmu labarinsa muke ji: ga jinkiri, ga cunkoso, ga kuma tsoron da harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na watan Maris 2022 ya bar wa mutane. Saboda haka da an ce mana jirgin ƙasa a Saudiyya, sai mu ce a'a, a bar mu da motar da muka saba. To, kafin ki yanke, bari mu auna su biyun.

Jirgin Haramaini

An buɗe shi ga jama'a a watan Oktoba 2018. Layin ya kai kimanin kilomita 450, jirgin kuma na lantarki ne, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Tashoshinsa 5: Makka, cikin garin Jidda, filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, birnin kasuwanci na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Daga Makka zuwa Madina awa biyu da 'yan mintoci ne, bai cika wuce biyu da rabi ba. Tafiyar da raƙumi ke yi sama da mako guda ke nan.

A ciki kowa da kujerarsa mai lamba, akwai sanyi, akwai banɗaki, akwai wurin sayen shayi da abin taɓawa. Ke da kika taɓa yin doguwar tafiya da yaro ɗan shekara 3 kin san darajar banɗakin da ba sai an roƙi direba ya tsaya ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya miƙewa ta ɗan taka, mai ciwon suga za ta kewaya sau nawa take so ba tare da jin nauyin kowa ba. Tashoshin suna da na'urar hawa bene, ana kuma shiga da keken marasa lafiya.

Sai dai jirgi ba ya san uzuri. Lokacinsa ya yi, ya tashi, ko da Hajiya tana alwala. Ana rufe ƙofar shiga kafin lokacin tashi, don haka sai kun isa da wuri. Tikiti a waya ake saye ko a tasha, da lambar fasfo, kuma a watan azumi kujeru kan ƙare tun da sauran kwanaki. Idan kuna da yawa, a saya gaba ɗaya a lokaci guda, kada a wayi gari yarinyarki tana wani tarago ke kina wani.

Sannan jirgi ba ya kai ki ƙofar masauki. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci daga Harami. Ta Madina ta fi nisa da Masallacin Annabi (SAW), sai an sake hawa tasi ko bas. Ta filin jirgin Jidda kuma tana cikin sabon ginin da ake kira Tamina 1 ne. Idan jirginku daga Kano a wani ginin ya sauke ku, sai kun nemi mota zuwa can. Ki tambayi kamfanin da ya shirya muku tafiyar tun kuna gida.

Babbar matsalarmu da shi ita ce kaya. Abin da aka yarda wa kowane fasinja shi ne babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, da ƙaramar ta hannu. Ke kuwa kin san mu. An tafi da garin kunu, yaji, kuka da daddawa, za a dawo da dabino, jallabiyoyi, dardumai, turare da tsarabar kowa da kowa har jikar maƙwabciya. Jakar Gana-mas-go uku ba za su shiga jirgin Haramaini ba.

Mota

Ta hanyar Hijira, babban titin da ya haɗa biranen biyu, ƙaramar mota kan yi awa 4 zuwa 5. Bas ta fi haka, musamman idan an tsaya sallah da cin abinci. Titin shimfiɗaɗɗe ne, ba rami, ba shingen karɓar na goro. Mota tana ɗaukar ki daga ƙofar masauki ta ajiye ki a ƙofar wani, kayanki duka a bayanta. Idan yaro ya yi amai a tsaya, idan lokacin sallah ya yi a tsaya. Wuraren hutawa na bakin hanya suna da masallaci da gidan abinci, ko da yake tsaftar banɗakinsu sai yadda kika tarar.

Mota kuma tana nuna miki ƙasa. Duwatsu baƙaƙe, fili fetal ba itace ba inuwa, raƙuma jefi-jefi. Nan za ki nuna wa yara irin ƙasar da aka ratsa lokacin Hijira, su gane abin da malamin Islamiyya ke faɗa musu ba tatsuniya ba ce. Idan kun shirya da direba tun farko, zai iya bi da ku ta Badar, kimanin kilomita 150 daga Madina. Jirgi ba ya ratse hanya don kowa.

Wajen kuɗi, lissafin mai sauƙi ne. Jirgi kai-kai ake biya, sannan ki ƙara kuɗin tasi a farko da ƙarshe. Motar haya kuɗinta ɗaya ne, ko ku biyu ne ko ku bakwai. Ke da maigida kaɗai, jirgi ba zai yi muku nauyi ba. Idan kun kai shida ko bakwai, sau da yawa mota guda ta fi sauƙi. A yi ciniki a gama kafin a loda kaya, a kuma faɗi sunan masaukin da za a sauke ku.

To, maigida ya karɓi hayar mota ya tuƙa da kansa fa? Wasu mazan suna son haka, kuma tun watan Yuni 2018 mata ma suna tuƙi a Saudiyya. Hannun dama suke bi kamar mu. Amma ki duba lamarin da kyau. Kamfanin haya zai nemi lasisin da ya yarda da shi da katin banki. Kyamarori suna kan titi suna rubuta tara ba tare da an tsayar da kai ba. Wurin ajiye mota kusa da Harami wahala ne. Mafi girma duka, mutumin da ya kwana yana ɗawafi da sa'ayi bai kamata ya riƙe sitiyari awa biyar a miƙaƙƙen titi cikin zafin da kan haura digiri 40 ba. Barci ɓarawo ne. A watan Oktoba 2019 wata bas ta yi karo a wannan hanya kusa da Madina, mutum 35 suka rasu. Ko direban haya ne, ki dubi idonsa, ki tambaye shi yaushe ya yi barci. In ya ce yanzu ya dawo daga Madina zai sake komawa, a nemi wani. Kowa ya ɗaura bel, har na kujerar baya, kada kuma a rungume yaro a gaba.

Maganar miƙati

Wannan ita ce wadda ta fi kuɗi da gajiya muhimmanci. Mai fitowa daga Madina da niyyar Umara yana ɗaukar harami ne a Zul-Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali, a bakin garin. Mota tana tsayawa a nan, a yi alwala, maza su ɗaura harami, a yi niyya cikin natsuwa. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a miƙati. Wanda zai hau shi sai ya shirya tun daga masauki, ko ya fara zuwa Abyar Ali da tasi sannan ya wuce tasha. Da gudun da jirgin ke yi, kina gyara wa yaro zama za a iya wuce wurin. Ki zauna da malaminku kafin ku bar gida, ya warware miki yadda za ki yi da abin da ke kan wanda ya wuce miƙati ba harami. Kada kuɗin da kika yi shekaru kina tarawa ya tafi a kan abin da tambaya ɗaya za ta gyara.

Yadda za ki yanke

Kada ki fara da tambayar wanne ya fi sauri ko wanne ya fi araha. Ki dubi wanda ya fi kowa rauni a cikinku. Idan akwai tsohuwa, mai juna biyu, mai ciwon baya ko jariri, awa biyu a jirgi ta fi awa biyar a mota, ko da an ƙara kuɗi. Ƙarfin da aka tanada a hanya shi za a kai Rauda da shi. Idan kuwa duk masu ƙarfi ne, kuna da yawa, kaya sun yi tsibi, mota ce taku.

Ba dole ne kuma ki zaɓi ɗaya ba. Daga Makka zuwa Madina babu batun harami, sai ku hau jirgi. Daga Madina zuwa Makka ku ɗauki mota, ku tsaya a miƙati. Idan ayarinku babba ne, a raba: samari su bi kaya a mota, iyaye da ƙananan yara su bi jirgi, a haɗu a masauki. Ki rubuta sunan masaukin da lambar waya a takarda ki sa wa kowa a jaka, har Hajiya, don waya kan mutu. Sayen tsaraba mai nauyi kuma a bar shi sai garin da za ku tashi zuwa gida daga cikinsa.

Duk wannan na Umara ne. A aikin Hajji hukumar alhazai ce ke shirya motocin da ke kai mahajjata tsakanin biranen, ba kowa ke gaban kansa ba. Ki bi ayarinku.

Kakanninmu sun yi wannan tafiya a ƙasa, ta Borno da Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi kafin su ga Ka'aba, wasu can suka zauna zuriyarsu na nan har yau. Mu ga shi muna zaɓe tsakanin awa biyu da awa biyar. Nan gida ma tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse, maƙwabtanmu. Ranar da aka gama, wannan lissafin na kaya, tsofaffi da yara shi za mu yi in za mu je biki Nijar.

Wadda ta taɓa hawa jirgin Haramaini da yara ko da tsohuwa, ta ba mu labarin yadda ta kaya, 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya kira mu baki ɗaya, ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.