Tayar da Ban Riƙe Ba

Na san wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla za su ce me ya haɗa ƙungiyar Hausa da ƙarƙashin mota. To, a yi mini haƙuri a saurara. Abin da zan ba da labarinsa ya faru da ni ne a shekarar 2016, sa'ad da nake karatun injiniya a wani gari na jihar Indiyana ta ƙasar Amurka, kuma har yau in na tuna shi sai kunya ta taso mini sabuwa fil.

Ina haya ne a ɗakin sama na gidan wani dattijo ɗan shekara 74, wanda ya yi ritaya daga aikin walda. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman abinci, abin da ya rage masa na ɗebe kewa shi ne wata tsohuwar mota ƙirar Ford Model A ta 1930 da ke cikin garejinsa, ba inji, ba kujera, sai gangar jiki da tayoyi. Su can kowa da sunansa tsagwaro ake kiransa ko da ya yi jika da kai, amma ni bakina ya ƙi, sai na riƙa ce masa Yallaɓai. Shi kuwa "ɗana" yake ce mini, in kuma tsokana ta motsa ya ce "Injiniya".

Abin da yake son yi da motar shi ne abin da Amurkawa ke kira hotirod, watau a ɗauki tsohuwar mota mara nauyi, a ƙara rage mata nauyi, kana a sa mata injin da ya fi nata na asali ƙarfi. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara wannan tun wajen shekarun 1930, suna tsere a kan busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage. A 1948 aka fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a raba samari da tsere a kan titin gari. Dattijon nan a cikin wannan zamani ya tashi, saboda haka maganar ba ta wasa ba ce a wurinsa.

Inji biyu ne suka raba masa hankali. Na farko shi ne V8 na Ford mai shafaffen kai, wanda aka fara yi a 1932 aka daina sa shi a motocin Amurka bayan 1953. Shi ne injin motarsa ta farko, wadda ya yi zance da ita wurin marigayiyar matarsa. Amma injin nan yana da halinsa. Hayaƙinsa yana bi ta cikin jikin injin kafin ya fita, don haka yana da saurin zafi, tsofaffinsa da yawa sun tsage, gyaransa da tsada, ga shi kuma ƙarfinsa daga masana'anta bai wuce na doki 100 zuwa 110 ba a shekarunsa na ƙarshe. Na biyu shi ne V8 na Chevrolet wanda ake kira 350, mai lita 5.7, ɗan gidan injin da ya fito a 1955. Shi kam ga araha, ga ƙarfi, ga kayan gyara ko'ina, sai dai masu kishin Ford suna ganin sa shi a cikin Ford kamar a ɗaura wa doki sirdin jaki ne. Akwai na uku, 302 na Ford, amma ya fi tsawo, kuma kwanon mansa yakan yi karo da ƙarfen gaba, sai dattijon ya ajiye maganarsa tun da wuri.

Ni da ƙuruciyata na zaci inji ake fara zaɓa, sauran kaya su biyo baya. Shi ya nuna mini cewa daga baya ake farowa. A tsakiyar aksil ɗin baya, watau ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin baya biyu, akwai giya biyu (ba ta sha ba, jama'a): wata babba mai kama da zobe, da wata ƙarama wadda farfela ke juyawa. In ka raba haƙoran babbar da na ƙaramar, abin da ka samu shi ne lambar giyar. Haƙori 39 da 13 sun ba da 3.00, ma'ana sai farfela ta juya sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. Haƙori 35 da 10 sun ba da 3.50. Babbar lamba takan sa mota ta zabura daga tsaye, amma inji ya yi ta kururuwa a babban titi. Ƙaramar lamba takan sa inji ya huta a doguwar tafiya, amma in ba shi da ƙarfi sai tashin motar ya zama na raƙumi.

Aksil ɗin da ya ɗaura wa motar a kasuwar tsofaffin kaya ya saya. Irin na Ford ne da ake kira mai inci 9, wanda aka yi daga 1957 zuwa 1986. Gane shi ba wuya: ba shi da murfi ta baya, ta gaba ake zaro curin giyar gaba ɗaya, kuma notunansa biyu na ƙasa sifana mai bakin kofi ba ta shigarsu, sai mai buɗaɗɗen baki, wanda shi ne ya raba shi da ƙanensa mai inci 8. Sai dai ɗan falankin ƙarfen da masana'anta kan maƙala a jikin noti, mai ɗauke da lambar giya, ya ɓace tun kafin ya saya.

Ana cikin haka aka yi masa aiki a ƙugu, ya kwanta a gidan 'yarsa. Sai ga wani mutum yana sayar da mai shafaffen kai lafiyayye, an duba ba tsaga, kuma yana son amsa kafin ƙarshen mako. Dattijon ya kira ni ta waya ya ce, "Ɗana, taimaka ka ƙirga mini giyar nan. In ta kai 3.50 ko ta wuce, zan ɗauki tsohon injin, zai iya da ita. In kuwa wajen 3 take, ba zai ji daɗi ba, kuma kuɗin fanshona ba zai ɗauki inji da sabuwar giya a lokaci ɗaya ba, sai in haƙura in sayi Chevrolet." Na ce, "Yallaɓai, wannan ai aikin minti biyar ne."

Ga yadda ake yi. A ɗaga tayoyin baya biyu, a juya ɗaya. In ɗayar ta bi ta gefe guda, to giyar mai riƙo ce, sai a juya taya sau ɗaya a ƙirga juyin bakin farfela. In kuwa ɗayar ta yi baya, giyar sakakkiya ce, sai a sauke taya ɗaya ƙasa ko a danne ta, a juya ta saman sau 2 cif, abin da bakin farfela ya juya shi ne lambar. Duk na san wannan, har ina iya rubuta dalilinsa a kan allo. Na sa alli na yi alama a taya da bakin farfela, na ga sakakkiya ce, na juya taya sau 2. Amma sanyi ake yi kamar ya tsinke yatsu, jak ɗin kuma yana can ƙarshen gareji, sai na bar ɗaya tayar a sama, na ce ai nauyinta ya isa ya tsayar da ita. Na ƙirga juyi 3 da ɗan ɗoriya. Na kira shi na ce, "3.00 ce." Ya ce, "Ka danne ɗaya tayar?" Na ce, "An yi komai yadda ya kamata." Ka ji amsar da ba e ba ce, ba kuma a'a ba.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce to, Allah bai yi ba. Aka sayar wa wani da tsohon injin. Shi kuma ya sayi 350 da giyabos mai sarrafa kansa irin TH350, mai giya 3, wanda a giyarsa ta ƙarshe inji da farfela juyinsu ɗaya.

Muka shafe damina da sanyi na gaba muna aiki, sai a bazarar 2017 motar ta hau titi. A cikin gari abin sai wanda ya gani, da an taɓa totur sai tayoyin baya su yi ƙara. Da muka hau babban titi muka kai mil 65 a sa'a, sai na ga allurar juyin inji ta haura 3,200. Akwai lissafin da kowane mai wannan sana'a ya haddace: gudu da mil, sau lambar giya, sau 336, a raba da tsayin taya da inci. Tayoyinmu inci 28 ne. Da 3.00 ce, da allurar tana wajen 2,340. Na yi lissafin a kaina sau uku ina fata ya canza. Shi ma ya yi nasa, domin na ga leɓensa yana motsi, amma bai ce uffan ba har muka koma gida.

Washegari muka zare sandunan tayoyi, muka fito da curin giyar, ya miƙa mini alli ya ce, "Injiniya, ƙirga." Babbar haƙori 37, ƙaramar 9. Watau 4.11, lambar da ita kanta Ford ta riƙa sa wa wasu motocinta masu shafaffen kai tun asali. Da na koma kan takarda sai na ga cewa in tayar da na bari ta koma baya rabin juyi kawai, 4.11 za ta fito 3.08. Abin da ya faru ke nan, ina tsugunne a ɗaya gefen ban gani ba.

Na gaya masa gaskiya, cewa ban danne tayar ba, kuma da ya tambaye ni na kauce. Ya ce ya sani tun jiya a kan titi. Na ce zan biya kuɗin gyara daga ɗan abin da nake samu na koyarwa. Hanya biyu ce: ko a sayi giyabos irin 700R4, wanda giyarsa ta 4 take 0.70, ta sauko da allurar zuwa wajen 2,250 ba tare da an taɓa aksil ba, ko a nemi wani curin giya mai 3.00. Ta biyun ta fi sauƙi, ita muka bi. Ya yarda na biya rabi, ya ce sauran rabin nasa ne tun da shi ya aiki yaro cikin sanyi.

Kuɗi ya gyara allura, amma bai dawo da injin da ya wuce ba. Bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai curin 4.11 ɗin ya ƙi sayar da shi, ko da yake an taya sau biyu. Ya wanke shi, ya shafa masa mai, ya ɗora a kan kanta, ya sa ni na rubuta 37 da 9 a jikin kwali na ɗaura masa da waya. Ya ce a bar shi nan, ko wani mai shafaffen kai zai sake fitowa. Ranar da zan taso gida a 2019 na leƙa garejin don yin sallama, curin yana nan inda muka ajiye shi.